Man Ƙamshi na Tsire-tsire da Ƙwarin Rumbu: Darasi Domin Iyali

Manufar Darasi

Wannan darasi zai bayyana yadda man ƙamshi da ke cikin waɗansu ganyaye da kayan yaji yake kashe ƙwarin hatsi, da inda ƙarfinsa ya tsaya, da kuma yadda iyali za su more shi ba tare da sun yi hasarar abinci ko lafiya ba.

Gabatarwa

Aikin manomi ba ya ƙarewa ranar da aka kai amfanin gona gida. Daga kaka zuwa lokacin da sabon hatsi zai nuna akwai wata tara ko goma, kuma a dukan wannan lokaci rumbu ne yake ciyar da gida. Buhun waken da aka ajiye a watan Disamba domin a sayar a Yuni, sa'ad da farashi ya tashi, shi ne kuɗin makarantar yara, shi ne kuɗin taki, shi ne kuma abin da za a kai asibiti idan ciwo ya zo. Idan aka kwance buhun aka tarar kowace ƙwaya ta huje, gari kuma ya taru a gindinsa, wahalar damina guda ta tafi a banza.

Tsoron wannan hasara ne yake sa mutane da yawa su zuba wa hatsi kowane irin magani da suka samu a kasuwa. Tun da daɗewa kuwa masana suke binciken wata hanya da ta fi sauƙin haɗari, wato amfani da man da ke sa ganye ko yaji ya yi ƙamshi. Hanyar tana da amfani na gaske, amma tana da sharaɗi: ƙamshi yana kashe ƙwaro ne a cikin abin da aka rufe sosai, kuma a kan hatsin da ya bushe. Wanda ya gane wannan ya gane zuciyar darasin.

Sanin Ƙwarin da Ake Yaƙi da Su

Ƙwaron wake yakan fara ɓarnarsa tun a gona. Macen takan manna ƙwanta a jikin kwanson wake ko a kan ƙwayar, tana iya yin ƙwai kusan 100 a cikin mako ɗaya ko biyu da take rayuwa. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar takan huda ta shiga cikin ƙwayar kai tsaye, ta ci ta girma a can. Bayan mako uku ko huɗu sai sabon ƙwaro ya fito, ya bar ramin nan da kowace uwargida ta sani. Da yake kowane wata sabon zuriya yana fitowa, 'yan ƙwai kaɗan da aka shigo da su daga gona sun isa su lalatar da buhu cikin wata uku zuwa shida.

Ƙwaron masara da dawa, mai dogon baki, dabararsa dabam ce. Macen takan huda ƙwaya da bakinta, ta sa ƙwai ɗaya a ciki, ta toshe ramin da wani abu mai danƙo. Daga waje ƙwayar lafiya lau take, alhali tsutsa tana cinta daga ciki har wajen mako biyar. Akwai kuma wani babban mai huda masara wanda asalinsa daga Amurka ta Tsakiya ne. An gano shi a Tanzaniya wajen ƙarshen shekarun 1970, a Togo kuma a 1984, daga nan ya bazu cikin Afirka ta Yamma. Wannan yakan mayar da masara da busasshen rogo gari.

Abin lura a nan shi ne, ƙwaron da ake gani yana yawo a kan hatsi ƙaramin kashi ne na rundunar. Yawancinta tana ɓoye cikin ƙwayoyin, inda magani ba ya kaiwa da sauƙi.

Maganin da Ya Zama Cuta

A shekarar 2008 mutane da dama, har da ɗalibai, sun kwanta asibiti a jihohin Kuros Riba da Gombe bayan sun ci wake ko abincin da aka yi da shi. Gwaji ya nuna ragowar maganin ƙwari a cikin abincin, sai hukumar NAFDAC ta haramta magungunan gona 30 a wannan shekara. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar sinadarin daikulobos, wanda ke cikin Sniper da abin da ake kira piya-piya. Iyakar da dokarsu ta yarda ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo, amma an sami waken da ya kai miligiram 4.6. A 2016 aka ƙara wa dakatarwar shekara uku. A 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani a kasuwanni da kantuna.

Ƙwayar hayaƙi da ake kira Phostoxin tana aiki idan gwani ya sa ta a ma'ajiyar da aka rufe nesa da mutane. Amma ƙwaya ɗaya mai nauyin giram 3 tana fitar da giram 1 na iska mai guba, kuma iskar tana ratsa buhu da tsagar bango. Iyalin da suka sa ta a buhu, suka jingine shi a ɗakin kwana, sun sa ransu cikin haɗari. Waken da Turai ta ƙi karɓa shi ne yara suke ci a gida a matsayin ƙosai da alale. Wannan shi ne dalilin da ya sa neman wata hanya ya zama wajibi.

Mene ne Man Ƙamshi?

Idan aka murza ganyen ɗaɗɗoya a hannu, ko aka matsa ɓawon lemu, ƙamshin da ke tashi yana fitowa ne daga wani mai da tsiron ya tara a ƙananan jakunkuna cikin ganye, ko ɓawo, ko 'ya'ya. Tsiro yana yin wannan mai domin ya kare kansa daga abin da zai ci shi. Ya bambanta da man gyaɗa ko manja. Idan aka ɗiga man gyaɗa a takarda, tabonsa zai zauna; idan aka ɗiga man ƙamshi, bayan ɗan lokaci zai bi iska.

Ana fitar da shi ta hanyar turara ganyen da tururi, a sanyaya tururin ya koma ruwa, sai man ya taso a kai a kwashe. Abin da ake samu kaɗan ne. Kilo 100 na yawancin ganyaye yakan ba da lita ɗaya ko biyu, wani lokaci ma ƙasa da haka. Kanumfari ne ya fi su yalwa, gama mai yakan kai kashi 15 cikin 100 na nauyinsa ko fiye.

Kowane mai yana da sinadarin da ya rinjaya a cikinsa. Na kanumfari shi ne yujinol, wanda yakan wuce kashi 70 cikin 100 na man. Na ɓawon lemun zaƙi shi ne limonin, wajen kashi 90. Ganyen bishiyar turare, wadda waɗansu ke kira zaiti, yana da sineyol, ciyawar nobe kuma tana da fiferiton. Kimba da masoro da tafarnuwa da na'ana'a duk suna da nasu.

Kakanni ba su san waɗannan sunaye ba, amma sun san aikin. A wurare da yawa na Afirka ta Yamma an saba shimfiɗa ganyen bunsurun fadama tsakanin dammunan hatsi a cikin rumbu, a kuma yaɓe bakin rumbun da laka. Binciken zamani ya zo ya bayyana dalilin da ya sa dabarar take aiki, ya kuma nuna cewa yaɓen yana da muhimmanci kamar ganyen.

Yadda Yake Kashe Ƙwaro

Ƙwaro ba shi da hanci ko huhu. Yana numfashi ta waɗansu ƙananan kafofi da ke gefen jikinsa. Sa'ad da man ƙamshi ya zama tururi ya cika wurin da ƙwaron yake, yakan shiga ta waɗannan kafofi ya rikita jijiyoyinsa. Ƙwaron zai fara rawar jiki, ya kasa tafiya, ya kife, ya mutu. Ɗaya daga cikin hanyoyin saƙon jijiya da man yake taɓawa tana da girma a jikin ƙwari, amma a jikin mutum da dabbobin gida ba ta da wani babban aiki. Wannan yana cikin dalilan da suka sa haɗarinsa ga mutum bai kai na magungunan kanti ba.

Ban da kisa, ƙamshin yana korar ƙwari daga hatsi, yana rage yawan ƙwan da mace take yi, yana kuma hana sabon ƙwai ƙyanƙyashewa.

Abin da Bincike Ya Nuna

Wani bincike da aka yi a Jami'ar Legas, aka buga a 1996, ya nuna cewa man ɓawon lemu yana kashe ƙwari ne musamman ta hanyar tururinsa, fiye da ta hanyar taɓa jikinsu. Ma'anar wannan ga mai rumbu a fili take: idan tururin ya sami hanyar fita, maganin ya tafi.

A Jami'ar Lome ta ƙasar Togo an gwada man nobe a kan ƙwaron wake, aka buga sakamakon a 2005. A cikin abin da aka rufe, man ya kashe manyan ƙwari cikin awa 24, ya hana sabon ƙwai da ƙananan tsutsotsi ci gaba. Amma tsutsotsin da suka riga suka girma a cikin ƙwayar wake sun jure.

Masana daga Gini da Kanada sun gwada man ɗaɗɗoya iri biyu, suka buga abin da suka gani a 2001. Sun gauraya man da garin farin yumɓu, suka cuɗa da wake, waken kuwa ya zauna wata uku ba ɓarna, kuma ya tsira da aka shuka shi. A Jami'ar Gaundare ta ƙasar Kamaru an bi irin wannan hanya da man kimba domin kare masara. Amfanin yumɓun shi ne yana riƙe man, yana sakinsa kaɗan-kaɗan, sai aikinsa ya daɗe.

Inda Ƙarfinsa Ya Tsaya

Saurin bin iska shi ne ƙarfin wannan mai, shi ne kuma rauninsa. A buhun da iska take ratsawa, ƙamshin yakan gushe cikin 'yan kwanaki, tsutsotsin da ke cikin ƙwayoyi kuma su fito su ci gaba da haihuwa kamar ba a yi kome ba. Hatsin kansa yana shan wani kashi na tururin, saboda haka abin da ya kashe ƙwari a kwalbar gwaji ba zai kai tsakiyar buhu mai kilo 100 da ƙarfi ɗaya ba.

Ƙarfin ganye kuma yana canzawa bisa ga ƙasar da ya tsiro, da lokacin da aka tsinke shi, da yadda aka shanya shi. Ɗaɗɗoyar da ta fito a Jos mai sanyi tana iya bambanta da ta Yola mai zafi. Ganyen da aka shanya a rana tsaka yakan rasa yawancin mansa. Tataccen mai yana da tsada, kuma wanda ake sayarwa a kasuwa domin turare ko shafawa sau da yawa an gauraya shi da abin da bai kamata ya taɓa abinci ba. Idan kuma aka sa da yawa, tuwo zai ɗauki ɗanɗanon kanumfari ko turare, yara su ƙi ci.

Saboda waɗannan dalilai, man ƙamshi mataimaki ne. Babban aikin yana wuyan shanya da tsabta da rufewa.

Yadda Iyali Za Su Yi

Na fari, a girbe da wuri, a sussuke, a sheƙe, a tsince ƙwayoyin da suka huje ko suka ruɓe. A share rumbu ko ɗakin ajiya, a ƙone shara, a toshe tsaga. Kada a zuba sabon hatsi a kan ragowar na bara, gama tsohon shi ne gidan ƙwari.

Na biyu, a shanya hatsi har danshinsa ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin 100. Ga gwaji mai sauƙi: a sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsi ya kai sulusinta, a ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya, a rufe, a girgiza, a bari minti 15, a sake girgizawa. Idan gishiri ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba. Hatsi mai danshi idan aka rufe shi zai yi fumfuna, fumfuna kuwa tana haifar da guba mai lalata hanta, wadda babu ƙamshin da zai kawar da ita.

Na uku, a kashe abin da ke ɓoye cikin ƙwayar wake da zafin rana. Zafin digiri 57 na awa ɗaya yana kashe ƙwai da tsutsa da babban ƙwaro. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa, a ɗora baƙar leda, a baza wake ba da kauri ba, a rufe da farar leda mai garai-garai, a naɗe gefunan, a bari awa biyu da tsakar rana. Sai a bar shi ya huce kafin a zuba a ma'aji.

Na huɗu, a zuba hatsin a abin da iska ba ta shiga: jarka mai tsabta, ko duro mai murfi, ko buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje. Masanan Jami'ar Fadu ta Amurka ne suka fara wannan dabara tare da masanan Marwa a Kamaru wajen ƙarshen shekarun 1980, aka kuma yaɗa ta cikin Afirka ta Yamma daga 2007. A cika ma'ajin har baki. Ƙwarin da suka rage za su shanye 'yar iskar da ke ciki, su daina ci, su mutu. Kada a yi amfani da jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin gona.

Na biyar, a nan ne kayan ƙamshi suke shigowa. A shanya ganyen ɗaɗɗoya, ko nobe, ko bunsurun fadama, ko ɓawon lemu a inuwa har su bushe ƙarau. A daka su sama-sama a ranar da za a yi amfani da su, tare da kanumfari ko kimba ko masoro idan akwai. A ƙulla su a 'yan tsummoki masu tsabta, a sa a ƙasa da tsakiya da saman hatsin, a rufe nan take. Amfaninsu ya fi bayyana ga hatsin da ake buɗewa ana ɗiba kowane mako, gama kowane buɗewa yana shigo da sabuwar iska. A ware na ci a ƙaramar jarka, a riƙa sabunta ƙullin idan ƙamshinsa ya ragu, babban ma'ajin kuwa a bar shi a rufe.

Wanda ba shi da abin rufewa yana da waɗansu hanyoyi biyu da aka gwada. Masanan cibiyar IITA ta Ibadan sun nuna a 1978 cewa mililita 5 na man gyaɗa, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, idan aka cuɗa shi sosai da kilo ɗaya na wake, yana kare shi har wata shida. Buhu mai kilo 100 zai ci rabin lita ke nan. Wannan mai yana toshe numfashin ƙwan ne. Ɗaya hanyar ita ce gauraya wake da tankaɗaɗɗiyar toka, mudu ɗaya na toka ga mudu ɗaya na wake, wadda ta dace da iri da kuma ƙaramar ajiya. Mai neman ƙarin shawara zai iya tuntuɓar malamin gona na yankinsa, ko cibiyar binciken adana amfanin gona ta ƙasa, NSPRI, mai hedkwata a Ilori.

Gargaɗi

Fitowar abu daga tsiro ba ta mayar da shi marar lahani ba. Tataccen man turare, ko da cokali ɗaya ne, yana iya sa ƙaramin yaro farfaɗiya ko suma idan ya sha. Man kanumfari yana ƙona fata, yana kuma lalata hanta idan aka sha. Dukansu suna kama wuta. A ajiye su a kwalbar gilashi mai rubutu, inda hannun yaro ba ya kaiwa, nesa da murhu. Kada a zuba tataccen mai kai tsaye a kan hatsin ci. Mace mai ciki da mai ciwon asma su nisanci wurin da ake aiki da shi. Kafin a dafa hatsin da aka adana da kayan ƙamshi, a cire ƙullin, a baza hatsin ya sha iska, a wanke shi.

Aikin Gida

Iyaye da yara za su iya gwada wannan darasi da kansu. A sami kwalabe huɗu masu girma ɗaya, a zuba wa kowace kofi ɗaya na waken da bai huje ba, da ƙwari goma masu rai. Ta fari a ɗaure bakinta da tsumma kaɗai. Ta biyu a sa mata dakakken kanumfari cokali ɗaya, a ɗaure da tsumma. Ta uku a rufe ta da murfi sosai ba kanumfari. Ta huɗu a sa kanumfari, a kuma rufe da murfi. A duba bayan kwana uku a rubuta yawan ƙwarin da suka mutu, ba tare da an buɗe ba. Bayan mako shida a buɗe duka, a ƙirga ƙwayoyin da suka huje. Ana iya maimaita gwajin da ganyen da ke tsirowa a bayan gida, domin iyali su san wanda ya fi ƙarfi a ƙasarsu kafin su dogara gare shi.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. Me ya sa hatsin da ba a ga ƙwaro a kansa ranar ajiya ba yake iya lalacewa bayan wata biyu?
2. Wane bambanci ke tsakanin aikin man ƙamshi da aikin man gyaɗa a kan wake?
3. Me ya sa ganyen da aka sa a buhun da iska take ratsawa ba ya daɗewa yana aiki?
4. Mai sayar da hatsin da ya zuba wa maganin da shi kansa ba zai ba 'ya'yansa ba, wane alhaki ne yake kansa?
5. Hatsin da ake tarawa lokacin godiyar kaka, yaya ake adana shi a wurinku? Zumuntar mata ko ta matasa za ta iya haɗa kuɗi ta sayi buhunan rufewa a sari?

Kammalawa

Kanumfari da kimba da ɗaɗɗoya da ɓawon lemu suna cikin kowane gida, ƙarfinsu a kan ƙwari kuma bincike ya tabbatar da shi. Amma ba za su ceci hatsin da bai bushe ba, ba za su kuma kai ga tsutsar da ta girma cikin ƙwaya ba. Iyalin da suka shanya hatsinsu sosai, suka gasa wakensu a rana, suka rufe ma'aji, sa'an nan suka ƙara ƙamshi a inda ake yawan buɗewa, za su kai watan Agusta da abinci mai kyau, kuma ba za su yi fargaba ba sa'ad da yara suka zauna cin ƙosai. Shirin yana farawa ne tun kafin girbi: a tanadi jarka da leda da buhu, a kuma tsinki ganye a shanya a inuwa tun yana ɗanye shar.